Waiwaye: Fadar Buda, wadda ake rushewa ana sake tayarwa

Wanda ya tsaya a gaɓar Kogin Danub ta gabas ya ɗaga kai ya dubi tudun da ke ƙetare, zai hango doguwar fada mai koriyar ƙubba, zaune daram kamar tun fil'azal take a wurin. Ita ce fadar Buda, a Budapest, babban birnin ƙasar Hangari. Sai dai ƙubbar da baƙi ke rububin ɗauka hoto, a shekarun 1960 aka ɗora ta. Wasu gine-ginen da ke maƙwabtaka da ita ma ba su cika shekara 10 ba. Wannan ne ya sa mutanen birnin suka daɗe suna ja-in-ja a kan tambaya guda: idan za a maido da fadar yadda take a da, wane "da" ɗin za a maido?

Tsoro ne ya fara kai mutane kan tudun. A 1241 mayaƙan Mangol suka afka wa ƙasar, suka yi kaca-kaca da garuruwan da ke shimfiɗe a fili. Da suka janye, sai Sarki Bela na huɗu ya sa aka gina birni mai ganuwa a bisa dutsen. Sarakunan da suka biyo bayansa suka yi ta ƙari, har zamanin Sarki Matiyas Korbinus, wanda ya yi mulki daga 1458 zuwa 1490. Shi ya ɗauko magina da masassaƙa daga Italiya, ƙasar matarsa, ya kuma tara littattafan rubutun hannu da suka yi suna a duk Turai.

Bayan rasuwarsa da shekara 36, Sarkin Musulmi Sulaiman na Daular Usmaniyya, ta Turkiyya ba ta Sakkwato ba, ya murƙushe rundunar Hangari a Mohach. A 1541 ya karɓe Buda baki ɗaya, Turkawa suka riƙe ta shekara 145. Babban cocin da ke kan tudun, wanda yanzu ake kira Cocin Matiyas, ya zama masallacin Juma'a. An gina gidajen wanka a kan maɓuɓɓugan ruwan zafin da birnin ke da su, kuma na Rudas har gobe ana shiga, ƙarƙashin ƙubbarsa ta asali mai ƙananan tagogin da haske ke zubowa ta cikinsu. Littattafan Matiyas kuwa sun watse, wasu suka ƙare a Istanbul. A 1877 Sarki Abdulhamid na biyu ya mayar wa Hangari guda 35 daga tsofaffin littattafan da aka kwashe.

Ranar 2 ga Satumba, 1686, rundunar haɗin gwiwar Kiristocin Turai ta ƙwace birnin bayan fiye da wata biyu tana luguden igwa. An yi wa Musulmi da Yahudawan garin kisan gilla, tsohuwar fadar kuma ta koma kango. Gidan sarautar Habsbag na Ostiriya, da ya gaji ƙasar, bai gyara kangon ba. Binne shi aka yi aka ɗora sabon gini a kai, wanda aka kammala a 1769 zamanin Sarauniya Mariya Teresa. Shi ma wuta ta ci wani sashensa a 1849, lokacin da 'yan Hangari suka yi wa Ostiriya bore. A shekarar ce kuma aka buɗe Gadar Sarƙa, gadar dindindin ta farko da ta haɗa Buda da Pest, garin da ke ƙetaren kogin, kafin a haɗe garuruwan su zama birni guda a 1873.

Daga nan ne birnin ya shiga gine-ginen nuna isa. Magini Alajos Hauszmann ya faɗaɗa fadar, aikin da aka gama a farkon ƙarni na 20. A gefen Cocin Matiyas aka yi farar badalar nan da ake kira ta Masunta, mai hasumiya 7, daidai da adadin ƙabilun da suka kafa ƙasar. Wanda bai sani ba zai rantse tsohuwar kagara ce, alhali a 1902 aka gama ta, kuma don shaƙatawa da kallon kogi aka yi ta, ba don yaƙi ba. A ƙetare kuma ga majalisar dokoki mai tsayin mita 96, tunawa da shekarar 896, wadda ake ɗauka a matsayin shekarar da waɗannan ƙabilu suka iso ƙasar.

Ba a daɗe ana morarsu ba. Daga Disambar 1944 zuwa 13 ga Fabrairun 1945 sojojin Tarayyar Sobiyet suka yi wa birnin ƙawanya, sojojin Jamus suka mayar da tudun tungarsu ta ƙarshe. Jamusawa suka tarwatsa dukkan gadojin kogin, fadar kuma ta ƙone. Gwamnatin 'yan gurguzu da ta biyo baya ba ta da marmarin alatun sarakuna. Ta gyara gangar ginin, ta kankare adon ciki, ta rushe wasu gine-ginen da masana da dama ke cewa da an so da sun gyaru, ta mayar da fadar gidan zane-zane da gidan tarihi da babban ɗakin karatu na ƙasa. Amma a ba ta haƙƙinta: a zamaninta ne aka tono ragowar fadar Matiyas da magabatansa. A 1987 UNESCO ta sa tudun da gaɓar kogin cikin wuraren tarihi na duniya.

Rikicin yanzu ya samo asali ne daga 2014, lokacin da gwamnatin Firaminista Viktor Orban ta fito da shirin da ta raɗa wa sunan Hauszmann, na maido da tudun yadda yake kafin yaƙi. An sake gina filin sukuwar dawaki mai rufi da gidan masu gadin fada tun daga tushe. A Agustan 2021 aka buɗe Zauren Waliyyi Istifanus, ɗakin fada mai sunan sarkin Hangari na farko, wanda aka kwaikwaya daga tsofaffin hotuna da zane. Orban da kansa ya tare da ofishinsa a wani tsohon gidan ibada da ke kan tudun a farkon 2019. Magoya baya na cewa rauni ne ake ɗinkewa. Masu suka, ciki har da magina da masana tarihi, na cewa kankare ne ake lulluɓewa da dutse, kuma ana mayar da wurin jama'a unguwar masu mulki. UNESCO ma ta nuna damuwa.

Ni dai ban ga laifin al'umma ta tayar da abin da yaƙi ya rusa mata ba. Abin da ke damuna shi ne zaɓen da aka yi. A cikin shekara kusan 800, an ɗauki 'yan shekarun da suka gabaci Yaƙin Duniya na Ɗaya an ce su ne fuskar tudun, alhali zaman Turkawa kaɗai ya ninka su. Mai neman sawun waɗannan shekaru 145 sai ya ƙwaƙule. Akwai mihrabi guda da ya rage a bangon wani coci a Pest. Akwai kushewar Gul Baba, sufin da ya rasu a 1541, a kan Tudun Furanni, wadda Hangari da Turkiyya suka gyara tare aka buɗe a 2018. A bakin ganuwa ta arewa kuma akwai wani ɗan dutse na tunawa da Abdurrahman Abdi Pasha, gwamnan Turkawa na ƙarshe, dattijon da ya faɗi yana yaƙi ranar da birnin ya faɗi. An rubuta a jikinsa, da harshen Hangari da na Turkanci, cewa jarumin abokin gaba ne, tare da yi masa fatan aminci.