Bin Sawun Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa da Kwamfuta

Bin sawun ruwan ƙarƙashin ƙasa dabara ce ta masana ruwa don gano hanyar da ɗigon ruwa ke bi a cikin yashi da tsakuwa, da tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya iso rijiya ko kogi. Akan saki ɗigon a taswirar kwamfuta a bi shi gaba, ko a faro daga rijiyar burtsatse a koma baya don a ga yankin da take sha.

Asali

Tushen lissafin shi ne ƙa'idar kwararar ruwa cikin yashi ta Henry Darcy, injiniyan Faransa da ya yi gwajin tace ruwa ta cikin yashi a birnin Dijon, ya buga sakamakon a 1856. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fitar da manhajar MODFLOW a 1984, sannan David Pollock ya samar da MODPATH, manhajar da ke bin sawun ɗigon, wajen ƙarshen shekarun 1980. MODFLOW takan yanka ƙasa gida-gida kamar ramukan dara, ta lissafa ruwan da ke shiga da fita kowane gida. MODPATH ba ta da nata lissafin kwarara. Lissafin da ta tarar daga MODFLOW shi take bi. Shi ya sa yawancin laifin da ake ɗora mata gado ta yi.

Matsaloli da gyaransu

Idan ɗigo ya bi hanyar da hankali bai ɗauka ba, a fara duba ko ruwan da ya shiga taswirar ya yi daidai da wanda ya fita. Matsalar da ta fi ɗaure kai ita ce rijiyar da ba ta shanye duk ruwan da ke shiga gidanta: manhajar ba ta san ko ɗigon ya faɗa rijiya ko ya wuce ba. Maganinta a ƙanƙanta gidajen da ke kewaye da rijiyar. Ɗigo kan kuma maƙale a gidan da ya ƙafe, abin da ba baƙo ba ne a lissafin rani.

Kuskuren auna kafofin da ke tsakanin yashi lissafin lokacin tafiyar ɗigo yake ɓatawa: a rage adadinsu da rabi, saurin ɗigon ya ninka.

Dabarar ba ta nuna yadda guba ke bazuwa ko tsinkewa a hanya.

Kebbi da Zamfara

Shimfiɗar ƙasa da masana ke kira Gwandu, wadda ke ƙarƙashin Birnin Kebbi da Argungu, yashi ne da yumɓu hawa-hawa, kuma yumɓun ya danne ruwan yashin ƙasa har wasu rijiyoyi kan tumbatso da kansu. Wanda ya haɗe hawan nan wuri ɗaya a taswirar kwamfuta zai ga ɗigo na ratsa yumɓu cikin sauƙi, alhali ba haka ƙasar take ba. A wajajen Gusau kuwa dutse ne mai tauri, ruwa ta tsaga yake bi. Masana sun saɓa kan ko lissafin yashi ya dace da irin wannan ƙasa.