Waiwaye: yadda saniya ta riga labarin satarta isa Legas

Tun 2021, da gwamnonin Kudu 17 suka haɗu a Asaba suka ce a daina kiwon sake, muhawarar manoma da makiyaya ba ta lafa ba. Wani ya ce burtali aka cinye, wani ya ce baƙin makiyaya ne suka shigo. A Katsina da Daura akwai tambayar da ba a cika yi ba: garken da aka kora daga Batsari ko Safana cikin dare, ina yake ƙarewa, kuma ta wace hanya?

Farkon labarin sananne ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshensa ya ratsa Funtuwa har Ƙaura Namoda a 1929. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, kuma Ruma-Kukar Jangarai, a gefen dajin Rugu, na cikin na farko. Farin 1973 da na 1984 sun karkashe dabbobi, cutar bushiya ta ƙara da nata a 1983. Jama'a ta ƙaru, gona ta shiga burtali, injin ban-ruwa ya mai da fadamar da shanu ke sha da rani ta zama lambun tumatir da albasa. A nan kuma ya kamata a gyara wata fahimta: Najeriya ba ƙasar da ke cika ƙetare da shanu ba ce. Ita ce babbar mai saye, daga Nijar da Cadi da maƙwabtansu. Shanun Maraɗi da Damagaram na shigowa ta Magama Jibiya da Kwangwalam, a sayar a Jibiya, Ɗankama, Mai'aduwa da Caranci, a haɗa da na gida a yi Kudu da su.

Abin da ya sauya komai, a ganina, ya faru ne a hankali tsakanin shekarun 1970 da 1980, ba tare da wani ya yi shelarsa ba: an daina kora shanu da ƙafa, jirgin ƙasa ya ja baya, tirela ta karɓe fataucin.

A duba yadda kora take a da. Falke ya sayi shanu, ya ɗauki masu kora, su kama hanyar Ilori da Ibadan. Tafiyar makonni ce, fiye da wata guda. Garke kan kwana a zango, kuma kowane zango yana da sarkinsa. Akwai tashoshin duba dabbobi inda malamin dabbobi zai ƙirga, ya duba takarda, ya nemi alamar cuta. A kasuwa baƙo ba ya sayar da kansa; sai ya sauka gidan fatoma, dillali ya shiga tsakani. La'adar da dillali ke karɓa ba ta haɗa ciniki kaɗai ba ce, ta tsayawa ce: in aka zo cigiya, shi za a kama, don haka ba ya taɓa dabbar da bai san mai ita ba. Saniya kuma tana ɗauke da shaidarta, tsagar kunne ko tabon lalas, ardo ya san na kowace ruga. Ga jangali, harajin shanu, wanda duk da zafinsa ga makiyayi ya sa ana ƙirga garkuna kowace shekara, dagaci da hakimi sun san wa ke da me.

Wannan tsarin yana da asara. Dabba ta rame a hanya, ƙudan tsando ya sa mata sammore da zarar an ƙetara cikin kurmi, wasu su mutu kafin a kai. Amma ɓarawo ba shi da mafita. Wanda aka yi wa sata zai hau doki ko keke ya bi sawu, ya riga garken isa zango na gaba. Shi ya sa satar wancan lokaci ba ta cika wuce saniya ɗaya ko biyu ba.

Da kuɗin man fetur ya shimfiɗa kwalta, lissafin ya juye. Tirela ɗaya tana ɗaukar manyan shanu wajen talatin, an ɗaure ƙaho a jikin katako, ta tashi daga Katsina ta sauka Legas cikin kwana biyu zuwa uku. Ba rama, ba sammore, jari kuma ya juya sau da yawa a lokacin da a da yake juyawa sau ɗaya. Ɗan kasuwa na gaskiya ya amfana ƙwarai, kuma babu mai hankalin da zai ce a koma kora. Sai dai duk idanun da ke kan hanya sun kau. Lodi ba ya buƙatar kasuwa, tudu kawai yake buƙata da wurin juya mota. A daidai wannan zamani aka soke jangali, ƙirgar shekara-shekara ta tafi tare da shi, ba a kuwa kawo wata rajista a madadinsa ba. Takardar da ke rakiyar mota tana faɗin yawan kawuna, ba ta faɗin garken da kowanne ya fito. Kafin mai shanu ya gama kai ƙara, an feɗe su a mayankar Oko-Oba da ke Agege, fatar da ke ɗauke da shaida ta zama ganda.

Daga nan satar garke guda ta zama sana'a mai riba, kuma ta ci kowane ɓangare. Bafulatanin da aka kwashe wa shanu hamsin ya rasa abinci da sadaki da mutunci a dare ɗaya. 'Ya'yansa samari sun zauna ba sanda a hannu, masu neman 'yan aiki a daji kuma suna nan kusa. Manomin Katsina shi ma mai shanu ne, abin da masu magana daga nesa ke mantawa. Shanun huɗa guda biyu su ne garmarsa da amalankensa da asusunsa. In aka kwance su daga turke, zarginsa na sauka kan rugar da ta fi kusa, ko da masu rugar an sace nasu a makon jiya. 'Yan sa-kai su tare Fulani a hanyar kasuwa, a dawo da ramuwa kan ƙauye. Kuɗin shanun sata ya sayi bindiga, bindiga ta kawo garkuwa da mutane bayan shanun sun yi ƙaranci.

A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta hana fitar da shanu a mota zuwa wasu jihohi, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, ciki har da Jibiya, Batsari, Caranci da Mai'aduwa. Matakin ya nuna an gane inda igiyar take. Ya kuma nuna wahalar da ke cikin rashin rajista, domin da babu hanyar bambance saniyar halas da ta sata, dole aka tsayar da duka biyun: dillali da mahauci da mai lodi da matar da ta yi kiwon rago don biyan kuɗin makaranta, kowa ya zauna gida har sai da aka sake buɗe kasuwannin.