Don Allah Ku Daina Yanke wa Malam Allurarsa

Iyayena mata, yau da ku nake, ku da kuke jinyar mazajenku masu sankarar furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Na san dawainiyar da kuke sha. Na ga tsohuwar da ta kwana a zaune tana juye jakar fitsari, da asuba ta wanke zanin gado tun jikoki ba su tashi ba, don ta rufa wa maigida asiri. Allah ya saka muku da Aljanna.

Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Likita ya ɗora Malam a kan allura, wata uku-uku. An yi ta farko, an yi ta biyu, fitsari ya saki, ciwon baya ya lafa, har ya koma jam'i a masallaci. Shi ke nan sai ku ɗauke ƙafa. Ba za mu sake ganinku a asibiti ba sai ranar da aka kawo shi kwance a bayan mota, ƙafafu sun ƙi ɗaukarsa. In ce, Hajiya ina kuka shiga? Sai ta ce, "Ai ya samu sauƙi ne, 'yar nan, sai muka koma na gida."

Wane na gida? Jiƙon mai lasifika a tasha, wanda ke sayar da kwalba ɗaya ga mai basir da mai sanyi da mai daji? Haba Hajiya! Allurar nan ba kashe cutar take yi ba, danne ta take, tana rage sinadarin mazan da cutar ke rayuwa da shi. Kuka daina, ta farka, kuma ƙashi take nufa, musamman na baya da ƙugu. Addu'a kam ku dage, ba wanda ya hana. Allurar ce nake roƙo kada ku yanke.

In kuɗi ne, ku faɗa mana, ba abin kunya ba ne. Akwai ƙaramar tiyatar cire 'ya'yan maraina da ke yin aikin allurar, sau ɗaya an gama. Na san maganar tana da nauyi, shi ya sa da shi za a yanke ta, a gaban likita, ba 'ya'ya su gama shawara a zaure ba. Akwai kuma asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa masu cutar daji a wasu manyan asibitoci, kamar na Shika a Zariya. Ku tambaya.

A gurguje:
Rubuta ranar allura a kalanda, a ɗora wa ɗa guda alhakin tunawa.
Gwajin jini na PSA, mai nuna inda cutar ta kwana, a yi shi a lokacin da aka ce.
Robar fitsari a canja ta a asibiti, kada a cire a gida.
Fitsari ya tsaya, ko ƙafa ta fara sanyi da nauyi, a kawo shi a daren, kada a jira gari ya waye.

Ke ma, Hajiya, ki bari 'ya'ya su karɓe ki kwana biyu a mako. Nawa ne hawan jininki, yaushe rabon da ki auna?