Likita, kafin ku sayi manhajar AI mai karanta hoto

Za ta maye gurbin likitan hoto, wato likitan da ke karanta hoton cikin jiki da ake ɗauka a asibiti?

A'a. Tun 2016 Geoffrey Hinton, fitaccen masanin AI, ya ce a daina horar da likitocin hoto, ga shi har yau nemansu ake yi ido rufe.

To tana aiki kuwa?

Tana yi, amma a kan abin da aka koya mata kaɗai. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita wajen tantance tarin fuka a hoton ƙirji, ga 'yan shekara 15 zuwa sama. A Suwidin, gwajin MASAI kan mata kusan 80,000 ya rage aikin karanta hoton mama da kashi 44 cikin ɗari.

In ta yi kuskure, laifin wa?

Sa hannun wa ke ƙasan rahoton? Don Allah a daina yi mini wannan tambayar.

Kamfanin da ke sayar da ita ya ce FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da ita. Ta yaya za mu san za ta yi mana aiki?

Nan ne gizo ke saƙar. Amincewar hukuma ba ta nufin an gwada ta a kan na'urarku da marasa lafiyarku. Da Google ta kai manhajarta ta duba idon masu ciwon suga ƙananan asibitocin Tailan, ta ƙi karɓar kusan ɗaya cikin kowane hoto biyar, galibi saboda ɗakunan ba su da duhun da ake bukata, ga intanet mai tafiyar hawainiya. Shawarata, ku tattaro tsofaffin hotunanku waɗanda kuka riga kuka san sakamakonsu, ku ba ta. Nawa za su isa? Ya danganta da yawan cutar a wajenku. In ba ta cika faruwa ba, sai kun tara da yawa. Ku fi zura ido kan waɗanda ta ce lafiya lau alhali da cuta. Sannan akwai makin da za ku tsayar, wanda in hoto ya kai shi manhajar za ta ce akwai alamar cuta: ku sauke shi, ƙararrawar ƙarya ta cika muku ɗakin gwaji, ku ɗaga, wasu masu cutar su sulale. Ko ta ci wannan jarrabawar, in an sauya na'ura ko an sabunta manhajar, sai an sake.

Ƙananan likitoci fa?

Su suka fi damuna. Su fara rubuta abin da suka gani, sannan su duba na manhajar. Wanda ya fara ganin jan da'irar da manhajar ta zana a huhun dama ba kasafai yake waiwayar na hagu ba.

Ba mu saya ba, an bar mu a baya ke nan?

Kwantar da hankalinka. Ku fara gyara ɗaukar hoton tukuna.