Sayar da gida a unguwar tarihi a Amurka: me ya wajaba mai gida ya faɗa wa mai saye?

A biranen Amurka da dama akwai unguwannin da hukuma ta ayyana a matsayin na tarihi. Gidan naka ne, da guminka ka saya, amma tagar da ke kallon titi ba ka isa ka sauya ta ba sai da izini. 'Yan uwanmu mazauna can, masu tara kuɗi shekara da shekaru domin su mallaki muhalli, ya kamata su san wannan tun kafin su sa hannu a takarda.

Mece ce unguwar tarihi, kuma wa ke ayyana ta?

Iri biyu ce, kuma rikita su ne ke jefa mutane cikin matsala. Akwai rajistar tarayya ta wuraren tarihi, wadda dokar 1966 ta kafa, mai ɗauke da wurare sama da 90,000. Shiga wannan rajista girmamawa ce. Ba ta hana mai gida yin abin da ya ga dama da gidansa, muddin babu kuɗin gwamnatin tarayya ko izininta a cikin aikin.

Iri na biyu shi ne mai haƙora: unguwar da birni ya ayyana da dokarsa. Charleston, a jihar Karolina ta Kudu, ita ta fara a 1931. Birnin Niyok (New York) ya kafa dokarsa a 1965, bayan an fara rushe tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Penn a 1963 jama'a suna ji suna gani. A 1978 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa birnin ikonsa, lokacin da kamfanin Penn Central ya so ɗora dogon bene a kan tashar Grand Central aka hana shi. A irin wannan unguwa akwai hukuma mai duba duk wani aiki da zai taɓa fuskar gini: taga, ƙofa, rufi, baranda, shinge, a wasu biranen har launin fenti.

To doka ta tilasta wa mai sayarwa ya ce gidansa yana cikin irin wannan unguwa?

Ya danganta da jiha, domin babu dokar tarayya guda ɗaya a kan wannan. Yawancin jihohi suna da takardar bayyana yanayin gida wadda mai sayarwa zai cike ya miƙa wa mai saye, sai dai tambayoyin da ke ciki sun sha bamban.

A birnin Washinton takardar ta fito fili. Tana tambayar ko gidan yana cikin unguwar tarihi, ko an taɓa samun mai shi da karya dokar adana gine-gine, da kuma ko an ɗaura wa fuskar ginin wata yarjejeniyar kariya. Takardar jihar Meriland ta sa unguwar tarihi a tambaya guda da yankin ambaliya da fadama. Ta jihar Pensilbeniya tana tambayar ko mai gida ya san da wani takunkumin tarihi a kan kadarar.

Amma ka haye kogin Potomac daga Washinton zuwa jihar Bajiniya, sai labari ya sauya. Dokar can ta ce mai gida ba ya ba da wani tabbaci a kan ko dokar unguwar tarihi ta shafi gidan, mai saye ya je ya bincika da kansa. Tafiyar mintoci kaɗan ce a mota tsakanin wuraren nan biyu, amma a ɗaya nauyin yana wuyan mai sayarwa, a ɗayan yana wuyanka. Ni dai tsarin Bajiniya bai kwanta mini ba. Wanda ya shekara ashirin a gida ya fi baƙo sanin abin da ke kansa, kuma layi ɗaya ne zai rubuta.

In an cike takardar, ai shi ke nan ko?

A'a. Takardar tana tambayar abin da mai gida ya sani ne kawai, ba garanti ba ce. Wanda ya gaji gidan daga iyayensa bai taɓa zama a ciki ba zai iya cewa bai sani ba, kuma gaskiya ya faɗa. Wasu cinikayyar ma doka kan cire su daga wajibcin cike takardar, kamar gidan da banki ya ƙwace ya sa a kasuwa, ko wanda ake sayarwa da umarnin kotu.

Wace illa ce ta fi samun mai saye?

Gadon laifin wani. Dokar tana bin gida ne, ba mutum ba.

Ɗauki gidan jan bulo a jerin gidajen da ke manne da juna, irin na unguwar Capitol Hill a Washinton. Tagoginsa na asali na katako ne, masu sama da ƙasa, ana tura ɗaya ta wuce ɗaya. Katakon ya ruɓe, sanyin hunturu yana shigowa, sai mai gidan ya kira ma'aikaci ya cire su ya sa fararen tagogin roba, ba tare da ya je wajen hukuma ba. Ya sayar. Kai ka zo ka ga sababbin tagogi har ka ji daɗi, ka ɗauka an rage maka aiki. Bayan wani lokaci ka nemi izinin gyara baranda, ma'aikacin hukuma ya ɗauko tsohon hoton gidan ya kwatanta da na yanzu, ko kuma wani maƙwabci ya kai ƙara. Wasiƙar da za ta zo sunanka ne a kai, kai ne mai gida. Ana iya cewa ka cire tagogin ka mayar da irin na da, ga tara idan ka ƙi, kuma wasu hukumomin ba za su ba ka sabon izini ba sai ka share tsohon laifi. Tagar katako da za a ƙera daidai da ta asali ta fi ta roba tsada nesa ba kusa ba.

Haka abin yake da siminti. Tsohon bulo yana da laushi, da farar ƙasa aka haɗa shi. In aka cusa masa simintin zamani mai tauri a tsakani, damshi ba ya samun hanyar fita, fuskar bulon ta riƙa ɓarewa. Shi ya sa hukumomin ke sa ido har a kan abin da magini ya kwaɓa, kuma a nan ina ganin suna da hujja.

Akwai wasu yarjejeniyoyin da ke bin gida bayan dokar birni?

Akwai. Wani mai gida kan ba wata ƙungiyar adana gine-gine ikon kare fuskar gininsa har abada, shi kuma ya samu rangwamen haraji. Shi ya ci rangwamen, duk wanda ya sayi gidan bayansa kuma ya ɗauki sharaɗin. Ana rubuta wannan a ofishin rajistar filaye, don haka binciken takardun mallaka zai tono shi. Ayyanawar birni kuwa ba kullum take fitowa a wannan binciken ba, tunda dokar tsara gari ce.

A Kalifoniya akwai dokar Mills ta 1972. Mai gida zai ƙulla yarjejeniyar shekara goma da birni, mai sabunta kanta duk shekara, cewa zai kula da ginin, a rage masa harajin kadara. Yarjejeniyar tana komawa kan sabon mai gida da daɗinta da nauyinta. In birni ya soke ta saboda an saɓa, tarar ita ce kashi 12.5 cikin ɗari na darajar gidan.

Babu abin da gwamnatin tarayya ta wajabta ko kaɗan?

Akwai guda ɗaya da ya shafi kusan kowane tsohon gida: fentin dalma. An hana amfani da shi a gidaje a 1978, kuma dokar 1992 ta ce duk mai sayar da gidan da aka gina kafin 1978 ya faɗi abin da ya sani game da shi, ya miƙa rahotannin da ke hannunsa da ƙasidar gargaɗi ta gwamnati, ya kuma ba mai saye kwana goma ya kawo masu gwaji. Wanda ya ɓoye da gangan zai iya biyan ninki uku na asarar da ya jawo. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. A tsohon gida ƙurar tana taruwa ne a bakin taga, inda katako ke gugar katako, daidai tsayin da yaro mai koyon tafiya ke dafawa ya kai hannu baki.

An ce ana samun rangwamen haraji a gidan tarihi. Gaskiya ne?

Rangwamen tarayya na kashi 20 cikin ɗari na kuɗin gyara na ginin da ke kawo kuɗi ne, kamar na haya ko shago. Gidan da kake zaune a ciki da iyalinka ba ya ciki. Wasu jihohin suna da nasu rangwamen ga mazauna gidajensu.

Ni ne mai sayarwa. Me ya fi mini?

Ka faɗa, ko jiharka ba ta tilasta maka ba. Ko a jihohin da suka bar bincike a hannun mai saye, ƙarya ko ɓoye aibi da gangan yana iya kai ka kotu, kuma Musulmi ya riga ya san hukuncin ɓoye aibin kaya a ciniki. Ka haɗa takardun izinin duk aikin da ka yi a wajen gida. In akwai wanda ka yi babu izini, hukumomi da yawa suna karɓar neman izini bayan an gama aiki. Gara ka je da ƙafarka kafin ka sa gidan a kasuwa.

Mai saye fa, daga ina zai fara?

Daga ofishin hukumar adana gine-ginen tarihi ta birnin, ba daga bakin dillali ba. Yawancinsu suna da taswira a intanet, ka rubuta adireshi ka ga ko gidan yana cikin iyaka. Ka nemi fayil ɗin gidan: izinin da aka taɓa bayarwa da ƙarar da ba a rufe ba. Sannan ka tsaya a titi ka kwatanta abin da ke cikin fayil da abin da idonka ke gani. In kana da niyyar ƙara ɗaki, ko gina katanga mai tsawo domin sirrin iyali, ko ɗora farantan sola a rufin da ake hangowa daga titi, ka tambayi ma'aikatan hukumar tun yanzu, kuma ka sa lauyanka ya rubuta a yarjejeniyar saye cewa kana da damar janyewa da kuɗin kafin alƙalaminka idan binciken ya nuna matsala.