Daga ina takunkumin filash a Linux ya samo asali?

Mai shagon kwamfuta a Yelwa, kusa da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, wanda ya bar Windows ya koma Ubuntu, wani nau'in Linux, don gudun birus, yakan gamu da wannan: ɗalibi ya kawo furojek a filash, an soka a jikin inji, allo ya ce babu izinin rubutawa. Shawarar da aka fi yaɗawa ita ce a buga chmod 777, umarnin da ke buɗe wa kowa izini, a wuce wurin. Kafin a bi ta, ya kamata a san tarihin wannan kulle.

A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina Unix, tsarin da Linux ya kwaikwaya, a Bell Labs ta Amurka, lokacin da mutane da yawa ke raba inji guda. Sun mai da kowace na'ura fayil a cikin /dev, kowane fayil kuma da mai shi, da rukuninsa, da sauran jama'a, kowa da iyakar abin da zai karanta ko ya rubuta. Haɗa faifai da tsarin fayiloli, wato umarnin mount, aka bar wa root kaɗai, wato babban mai kula da inji. Dalilin yana da ƙarfi: wanda ya iya saka faifan da ya shirya da kansa yana iya shigo da manhajar da za ta ba shi ikon inji gaba ɗaya.

Sai USB ta fito a 1996, filash ya shiga kasuwa wajen 2000, ya zama abin da ake sokawa a zare sau goma a wuni. Tsohon tsari bai shirya wa wannan ba. Aka riƙa rubuta layi a /etc/fstab, fayil ɗin da ke jera faifan da za a haɗa, amma filash ɗin da yau inji ya sa wa suna sdb gobe yana iya zama sdc. Debian, wani nau'in Linux, ta yi rukunin plugdev don masu soka irin waɗannan na'urori. A 2003 Greg Kroah-Hartman ya kawo udev, wanda ke gane na'ura da zarar an soka ta, ya ba ta suna da izini bisa dokokin da aka rubuta masa. Daga baya aka zo kan udisks mai haɗa faifai da polkit mai ba da izini, waɗanda suka sauya tambayar ɗungurungum: yanzu ana duba wa ke zaune a gaban injin. A 2012 aka haɗe udev da systemd, manhajar da ke tayar da injin Linux. 

To me ya sa har yau ake cin karo? Sau da yawa laifin ba na na'urar ba ne. FAT32, tsarin ajiye fayiloli da filash da yawa ke zuwa da shi, ba ya ajiye sunan mai fayil, don haka duk wanda ya haɗa shi yana rubutawa. Filash ɗin da aka tsara da ext4, tsarin fayiloli na Linux, kuwa yana riƙe lambar mai shi. Idan root ne ya tsara shi, yaron shago ba zai iya ajiye ko shafi ɗaya ba sai an mayar masa da mallakar ta hanyar umarnin chown.

Abin da ya fi damuna shi ne masu saka yaron shago cikin rukunin disk don a huta. Wannan tamkar ba shi makullin sito ne don ya ɗauko biro, domin rukunin yana taɓa kowane faifai a injin, har wanda ke ɗauke da takardun kwastomomi. Shi kuma chmod a kan /dev/sdb ba ya daɗewa, ana zare filash izinin ya tafi, tunda ana sake ƙirƙirar fayil ɗin duk lokacin da aka soka filash.

A 2014 Karsten Nohl da Jakob Lell suka nuna BadUSB, inda filash ke rikiɗa ya zama kibod yana buga umarni da kansa. Izinin fayil ba ya tare wannan. Shagon da filash ɗin baƙi ke shiga kullum yana bukatar manhaja irin USBGuard, a ware na'urorin da aka yarda da su, sauran kuma inji ya ƙi karɓa.