«Fue» ɗaya ce, babu ɗigon da ke raba ta biyu

Masu koyon Sifaniyanci da yawa sun ɗauka cewa idan aka ɗora alama a kan wasali aka rubuta «fué» ana nufin "ya tafi", idan kuma babu alama ana nufin "ya kasance". Ba haka ba ne. Aikatau biyu, «ser» (kasancewa) da «ir» (tafiya), siffarsu ɗaya ce tak a wannan nau'in shuɗaɗɗen lokaci: fui, fuiste, fue, fuimos, fuisteis, fueron. Rubutu ɗaya, furuci ɗaya.

Asalin abin daga Latin ne. «Fui» ta aikatau na kasancewa ce, sai «ir» ya yar da tasa tsohuwar siffar ya ari wannan, aron da bai taɓa mayarwa ba. Ita kuwa alamar, a tsofaffin littattafai ake ganinta, kuma ko a can ba ta bambanta ma'ana. Hukumar Real Academia Española, mai kula da ƙa'idojin Sifaniyanci, ta cire ta daga fue, fui, vio da dio a ƙa'idojin da suka fara aiki a 1959.

To ta yaya ake ganewa? Dubi abin da ya biyo baya. «Fue a Madrid», ga «a» (wato "zuwa") ga sunan wuri, tafiya ce. «Fue médico», sana'a ce ta biyo, wato ya kasance likita. Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi tsoro ba, shi da ke karanta "gari" ya san na tuwo ne ko na zama tun kafin jimla ta ƙare.